Zan Je Kotonu Ɗauko Ƙanena, Amma Ni Na Koya Mishi Caca

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin, don girman Allah a sakaya sunana, garinmu ba shi da girma, wanda duk ya ga sunan ya gane gidan. Don Allah ku ba ni shawara, ku kuma yi haƙuri da tsawon maganar, yau kwana uku ina rubutawa ina gogewa.

A fili dai tambayar hanya ce ta kawo ni. Ina son in je Kotonu da ɗan abin da ke hannuna, ban taɓa wuce Maraɗi da Katsina ba, ina neman wanda ya san hanyar da ta fi sauƙin kuɗi, da inda talaka ke kwana, da yadda ake shiga gidan cacar nan da suke kira kazino ba a koro mutum ba. To amma in na tsaya nan na cuce ku, za ku ba ni shawara a kan rabin magana. Bari in faɗi duka.

Ni tela ne a Gazawa, shekarata arba'in da ɗaya, mata ɗaya, yara biyar, da gonar gado da nake noman hatsi da wake da ɗan aya. Mahaifinmu ya daɗe da rasuwa, Inna tana wurina. Mu biyu ne maza a ɗakinta, ni da ƙanena, zan kira shi Habu duk da ba sunansa ba ne. Shi ne yake Kotonu.

Abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba shi ne ni na koya wa Habu caca. Lokacin ina da ƙuruciya ina zaman karta a bayan tasha ranar kasuwa, shi kuma ya fara zama saurayi, ba ruwansa, daga gona sai ƙwallo. Ni na jawo shi, don ina neman wanda zai zauna gabana mu haɗa baki mu cinye baƙi. Na koya mishi rabon karta, na koya mishi ya sosa kunne in babbar karta na hannunsa. Ranar da muka fara ci na saya mishi tsire da lemu, har yau ina tuna yadda yake dariya yana lasar yatsa. Daga karta muka koma cacar ƙwallo da aka kawo ta shaguna da cikin waya. Ni tawa ta kai har na jinginar da keken ɗinkina ana saura kwana goma salla, kayan mutane jibge a shago. Uwar yarana ta kwashe yara ta tafi gidansu, ba ta dawo ba sai da mahaifinta ya sa na yi alwala na dafa Alƙur'ani a gabansa na rantse na bar caca. Shekara bakwai ke nan. Na fanso keken, na gyara sunana a gari, har ana sa ni cikin masu sasanta mutane. Shi Habu ba wanda ya sa shi ya dafa komai, don ba wanda ya san yana yi sai ni, ni kuma kunya ta hana ni yi mishi faɗa a kan abin da na ɗora shi a kai.

Ya samu permi, wato lasisin tuƙi, ya shiga cikin direbobin da ke ɗauko tsofaffin motoci daga bakin ruwa a Kotonu su kawo Maraɗi. Allah ya buɗa mishi, ya yi ɗaki mai kwano a cikin gidanmu, ya auri Rabi, suka haifi biyu. In ya dawo daga tafiya har da abarba yake zuwa wa Inna da ita. Da aka rufe iyaka aikin ya tsaya, abokan aikinsa suka yi ta dawowa ɗaya bayan ɗaya, wasu suka koma noma, wasu kabu-kabu, shi ya ce zai ɗan jira tunda bai san ranar buɗewa ba. Da farko yana kira duk Juma'a, sai ya koma wata-wata, sai lambar ta daina shiga. Yanzu an fi shekara ba saƙo ba aike.

A nan na yi kuskure na biyu. Da na ga Inna ta fara rama, na shiga rufa mishi asiri. In na je Maraɗi sayen zare sai in sayo sabulu da sukari da ganyen shayi in ce wani direba ne ya kawo daga wurin Habu. Da salla ta zo na ɗinka wa yaransa kaya a ɓoye, na ɗan sauya hannuna don kar a gane ɗinkina ne, na zuba a leda na kai. Rabi ta juya rigar ta duba bakin ɗinkin, ta dube ni, ta ce an gode. Ban sani ba ko ta gane. Inna kuwa ta yi ta sa mishi albarka har na tashi na bar wurin.

Farkon damina na haɗu da wani direba mutumin Cadakori a kasuwar Agye, tare suka yi aiki da Habu, kuma bai daɗe da barowa can ba. Da na tambaye shi sai ya yi ta kwana-kwana, sai da na haɗa shi da Allah sannan ya ja ni gefe. Ya ce Habu na nan da rai, lafiyarsa lau in ban da rama, amma ya zama ɗan gidan kazino. Wai wani babban gida ne a gefen otal, ciki sanyi kamar randa, ba taga ba agogo, ga injina jere suna ƙyalli, ga tebur mai faifan da ake juyawa da ɗan ƙwallo a ciki, lemu ma kyauta ake ba mai wasa. Wani mai sayen motoci ne ya fara shiga da su don su ga gari, kowa ya kalla ya fito, Habu ya zauna, kuma aka yi rashin sa'a ya ci a ranar. Ya ce yanzu wankin mota yake yi da safe, abin da ya samu ya kai can, yana kwana a barandar wani masallaci a zango, unguwar Hausawan can. Abin da ya fi tsaya mini a rai, wai yana da riga ɗaya mai kyau da takalmi sau-ciki da yake ajiyewa wurin mai wanki da guga, don masu gadin ƙofa ba su barin mai silifa ya shiga. Ya sayar da wayarsa, ya jinginar da permi, amma bai taɓa rigar nan ba.

Direban ya taimaka ya kira wani mai shayi a zangon, bayan kwana biyu aka haɗa ni da Habu. Na yi niyyar zagi, da na ji muryarsa sai na kasa. Na ce ya dawo gida, ba wanda zai tambaye shi ko dala, in kuɗin mota ne zan aiko. Ya ce ba zai shigo Gazawa hannu rabbana ba alhali da mota ya saba shigowa, saura kaɗan ya mayar da abin da ya zuba, ya gane yadda injin yake. Maganar da ni ma na sha faɗa ke nan, kalma da kalma. Na ce to ni zan zo da kaina. Sai ya ce, "Yaya, kar ka zo. Ni na san ka. In ka shigo wurin nan, mu biyu Inna za ta rasa." Sai ya miƙa wa mai shayi wayarsa. Tun ranar ko an kira ba ya karɓa.

Ana cikin haka mahaifin Rabi ya zo daga ƙauyensu. Dattijo ne mai haƙuri, bai ɗaga murya ba, amma ya faɗa mini gaskiya tsagwaronta. Ya ce shi ƴarsa ya aurar, bai kawo ta ajiya ba, labari ya iso mishi ta bakin direbobi, kuma ya san sabulun da ake kawowa ba daga Kotonu yake fitowa ba. Na fara kare Habu, ya ce in bar wahalar da kaina. Ya ba mu zuwa a gama kaka, hatsi ya shiga rumbu, in Habu bai dawo ba ko bai aiko da takardar saki ba, zai ɗauke Rabi su je wurin alƙali a raba auren. Ban ga laifinsa ba. Ita Rabi ba ta son tafiya, ta same ni a shago ta ce in dai zai dawo ko da wando ɗaya ne ita za ta zauna, amma ba za ta saɓa wa mahaifinta ba.

Inna ta ji zuwan dattijon, ba a gaya mata zancen caca ba, an dai ce Habu ya shiga matsi ne yana jin kunyar dawowa. Tana fama da hawan jini, ƙafa ɗaya ma ja take. Ba ta yi shawara da kowa ba ta sa aka kai awakinta biyu kasuwa, waɗanda take kiwo tun ina saurayi ake ta juya iri, ta kira ni ɗaki ta damƙa mini kuɗin a ƙulle cikin gefen zane. Ta ce, "Je ka ɗauko mini ƙanenka. Kai ne babba, kai yake jin maganarka."

Na yi shiri kamar mai hankali. Direban nan ya ba ni dabaru, ya ce in riƙe garin rogo da ƙuli-ƙuli da sukari don kar in sayi abinci a hanya, in tafi da kartidantite, wato katin shaidar ɗan ƙasa, da katin allura, in raba kuɗin gida biyu saboda shingayen hanya, in na isa kar in nemi otal, in tambayi zango in gaida mai unguwar Hausawa zai nuna mini inda baƙi ke shimfiɗa tabarma, kuma kar in hau babur ban yi ciniki ba tukuna. Da yake sana'ata ce, na ɗinka aljihu a cikin ƙugun wando ta ciki, na sa kuɗin, na bi shi da ɗinki biyu na rufe ruf, yadda ko ɓarawo sai ya tuɓe ni.

Na isa Maraɗi da hantsi. Aka ce motar da za ta yi wajen Doso sai washegari da asuba, kuma mai yankan tike ya fita, in dawo bayan azahar. Wallahi da na same shi a zaune da yanzu wani labarin nake ba ku. Wayata ta kusa mutuwa, na shiga neman inda zan sa caji, wani ya nuna mini shago a tsallaken titi. Ina ɗaga labule na ga allunan talabijin a bango, matasa tsaye kowa da ƴar takarda a hannu, na san inda na shigo. Ya kamata in juya. Na ce ai caji kawai zan sa. Na zauna a benci ina kallo, ƙwallon ma ba ta mutane ba ce, ta inji ce, duk minti kaɗan an gama an sake sabuwa, ba irin ta zamaninmu da sai ka jira Lahadi ba. Na ce a raina masu jan kaya ne za su ci, suka ci. Na sake faɗa, suka sake ci. Sai na ji wani abu ya taso mini tun daga tafin ƙafa, abin da na ɗauka ya mutu shekara bakwai. Na ce bari in sa canjin da ya rage na motar Gazawa, in Allah ya sa na ci sai in ƙara a kuɗin fanso permin Habu. Kun ji yadda shaiɗan ke zuwa, da sunan taimako.

Ba zan ja ku da nisa ba. Na ci sau biyu, na faɗi sau uku, canji ya ƙare. Na zaga bayan shagon inda ake fitsari, na kwance wando, na rasa reza, da haƙorina na farke ɗinkin da na yi da hannuna. An kira azahar ina ji, an kira la'asar ina ji. Kafin rana ta yi sanyi awakin Inna sun tafi, abin da ya rage bai kai ni ko Konni ba. Na fito na zauna bakin kwalbati da ledar garin rogo a cinya, ko kuka ban iya yi ba.

Kwana huɗu na yi a shagon wani abokina tela a Maraɗi ina taya shi ɗinki, na ce mishi jiran wani nake. Da na samu na mota na koma gida na ce mun kai har Gaya bakin iyaka, jandarmomi suka hana ƙetare ruwa, kuɗin kuma ya ƙare a mota da shingaye. Inna ta ce Allah ya sa hakan ne alheri, ta yi ta yi mini sannu da wahala, ta sa aka dama mini fura da nono mai yawa wai na rame a hanya. Na shanye furar nan tana kallona. Ban taɓa shan abu mai ɗaci kamarta ba.

Uwar yarana ce ta wanke kayan tafiyar, ta tsinci takardar caca a aljihu. Ba ta yi lakol ba, wato boko, amma takardar nan ta san ta tun wancan karon. Washegari na zo shago na buɗe murfin keke na tarar da tiken cacar a shimfiɗe ƙarƙashin allura, ta busar da shi ta miƙar. Yau wata biyu ba ta ce mini komai a kai ba. Tana dafa abinci, tana gaishe ni, tana amsawa in na yi magana, amma ta kwashe ƴan kunnenta da kuɗin adashinta daga ɗakina ta kai wurin maƙwabciya. Sau ɗaya kawai, ina shirin fita masallaci, ta ce, "Malam, ni ba zan sake yin yaji ba, na tsufa da wannan. In ka koma, ka gaya mini da bakinka in san abin da zan gaya wa yara." Na ce mata ba abin da take zato ba ne. Ƙarya ta uku ke nan, ko ta huɗu, na daina ƙirgawa.

Yanzu an gama yankan hatsi, ana ta kai dammuna gida, wa'adin dattijo saura bai fi mako uku ba. Na haƙe ayata, in na sayar za ta kai ni ta dawo da mu biyu in an matse, amma ita ce kuɗin lakol ɗin yara da maganin Inna na rani. In ta tafi ba wata. Inna ta riga ta sa an soya mini ƙuli-ƙulin guzuri, kullum sai ta tambaye ni ko an buɗe ruwan.

Ga abin da ya sa na kasa barin maganar a cikina. Tun da na dawo daga Maraɗi ban sake sa ko dala ba, Allah shaida ne, amma zuciyata ba ta dawo ba. Ina taka keke ina lissafin wasan da na faɗi, ina cewa da na sa wa ja a na ƙarshe. Na shiga waya neman yadda kazino yake wai don in san inda zan sami Habu, sai na tsinci kaina ina kallon yadda ake juya faifan nan har zare ya ƙare a keke ban lura ba. Jiya na kama kaina ina goge takalmina sau-ciki na zuwa ɗaurin aure, ina ce wa kaina ai dole in sa shi tunda ba a shiga da silifa. Gaskiya ne dole in sa shi. Amma na san ba don Habu kaɗai nake goge shi ba. Shagon Maraɗi mai benci da labule ya gama da ni cikin yini ɗaya, ina ga gidan da aka gina musamman don wannan?

Kuma ko na isa lafiya, me zan ce mishi? In ce caca haramun ce, ya ce wa ya koya mishi sosa kunne? In ce ka tuba kamar yadda na tuba, alhali bakina da guntun zaren da na farke? Wani lokaci sai in ga kamar gidanmu ne aka rubuta wa haka, ni na buɗe ƙofar kuma ba ni da ƙarfin rufe ta. Na yi tunanin aika wani, to wa zan aika? Direban Cadakori ya ce shi ya yi iyakar tasa. Surukanmu maza in na gaya musu, kafin magariba duk dangi sun ji, Inna ta ji, kuma likita ya ce a kiyaye mata tashin hankali.

To jama'a ga tambayoyina, wanda ya san ɗaya ya amsa ɗaya. Waɗanda suka bi hanyar kwanan nan, ta Gaya a kwale-kwale ta fi sauƙi ko in shiga ta Najeriya, kuma ana iya yankan tiken zuwa da dawowa tun daga nan don kar kuɗi ya zauna a jikina? Ana iya sa masu gadi su kira mutum waje ba sai na taka ciki ba, ko in yi ta zama a masallacin zango har ya zo kwana? Malamai, rantsuwar da na karya da Alƙur'ani a hannu, mene ne a kaina? In gaya wa Inna inda awakinta suka tafi, ko in bar ta da addu'ar da take yi mini? Ko kuwa in haƙura da tafiyar, in bar auren Rabi ya mutu, in riƙe yaran, in tsira da gida ɗaya maimakon a rasa biyu?

Wanda zai zage ni ya zaga, na cancanta, amma ya haɗa da shawara. In kuma akwai wani bawan Allah a cikinku da zai yi wajen Kotonu cikin makon nan ko na sama, dattijo ko ɗan kasuwa mai tsoron Allah, ya yi wa admin magana. Ba kuɗinsa nake so ba. Nawa nake so in damƙa mishi tun daga tashar Gazawa, ya yankar mini tike, ya saya mini ruwa in na ji ƙishi, in na ce zan je sa caji ya hana ni. Da furfura a gemuna nake roƙon wannan, don ni kaɗai ban yarda in wuce Maraɗi ba.